Harshe da Takardar Ƙuri'a: Haƙƙin Wa Ake Tauyewa?

Gabatarwa

Ranar Asabar, 25 ga Fabrairu, 2023, na raka kakana rumfar zaɓe ta unguwarmu. Dattijo ne da ya haura shekara 80, ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, ya karanta littattafan fiƙihu gwargwado, kuma har ƙarfinsa ya ƙare da ajami yake rubuta lissafin cinikinsa na goro da wasiƙun da yake aika wa abokan fataucinsa. Ba wanda ya taɓa kiransa jahili a garinmu. Muna cikin layi sai ya hangi samfurin takardar ƙuri'a da aka manna a jikin bango, ya tsaya ya ƙura mata ido, sa'an nan ya zungure ni da sandarsa ya ce, "Kai ɗan boko, me aka rubuta a saman nan?" Na karanta, na fassara masa. Ya sake nuna wasu baƙaƙe kusa da wani hoto, na ce masa farkon kalmomin sunan jam'iyya ne da Turanci. Ya yi shiru, can sai ya yi murmushi ya ce, "To, ja'iri, ashe ba da mu ake magana ba. Yatsanmu kurum ake so."

Na yi dariya a lokacin, domin tsakanin jika da kaka ba a rasa wasa. Amma tun daga ranar maganar ta zauna mini a rai, kuma ita ce dalilin wannan ɗan rubutu. Tambayar da nake so mu duba, ya kai mai karatu, ita ce: shin mai jefa ƙuri'a yana da haƙƙin a yi masa magana da harshen da yake ji? In kuwa yana da shi, to haƙƙin nan na wane ne, na harshen ne ko na mutumin? Amsar tambaya ta biyu ita ce ta fi shafarmu mu ɗaliban Hausa, kuma ina jin ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba.

Mece ce ƙuri'a?

Kalmar ƙuri'a mun aro ta ne daga Larabci, kuma asalin ma'anarta ita ce abin da ake yi idan an rasa yadda za a fifita wani a kan wani, watau a sa sunaye ko tsinkaye a cikin hula a ce wa yaro ya zaro ɗaya. Wanda ya faɗo, shi ke nan, rabonsa ne. Babu tunani a ciki, babu niyya. Da siyasar zamani ta zo sai muka ɗora wa kalmar sabon kaya, ta zama sunan abin da mutum mai hankali yake yi da gangan don ya nuna wanda ya yarda ya shugabance shi.

In an lura da kyau, zaɓe tambaya ce da amsa. Ƙasa ce take tambayar ɗanta, wa ka yarda ya riƙe maka amana shekara 4 masu zuwa? Shi kuma ya amsa da yatsa. Daga tarin amsoshin nan ne gwamnati take samun halaccinta, har ta iya cewa da yardar jama'a take karɓar haraji, da yardarsu take ɗaure mai laifi. To, kowa ya san amsa ba ta zama amsa sai an ji tambaya. Ko a ciniki, in aka yi wa mutum tayi da harshen da bai ji ba ya ɗaga kai, ba mai hankalin da zai ce an sallama. Haka nan a ɗaurin aure, waliyyi ba ya bayarwa sai ya ji abin da aka nema da kunnensa. Saboda haka duk inda aka bar mai zaɓe yana laluben abin da takarda take nufi, an mayar da ƙuri'a ma'anarta ta asali, ta koma canki-canki.

Abin da doka ta ce, da abin da ta yi shiru a kai

Tsarin mulkin Nijeriya bai jahilci wannan magana ba. A tsarin mulkin 1999, sashe na 35 ya ce duk wanda aka kama, tilas a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin sa'a 24, da harshen da yake fahimta. Sashe na 36 kuma ya ce wanda ake tuhuma a gaban kotu a gaya masa laifinsa da harshen da yake ji, in kuwa ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, a ba shi tafinta kyauta. Watau doka ta yarda cewa zalunci ne a yanke wa mutum hukunci cikin harshen da bai sani ba.

A wajen masu mulki ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 55 ya ce za a gudanar da ayyukan Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Wannan magana tun a tsarin mulkin 1979 take, sai dai har yau da Turanci ake tafka muhawara a majalisar. Sashe na 97 ya ba majalisun jihohi dama su ƙara wani harshe da ake yi a jiharsu in sun ga dama. Kafin duk waɗannan ma, a zamanin Jihar Arewa, da Turanci da Hausa ake magana a majalisar Kaduna.

To, abin mamaki shi ne, an yi wa wanda ake zargi da satar akuya tanadin harshe, an yi wa ɗan majalisa, amma shi mai zaɓe, wanda daga hannunsa ikon kowa ya fito, tsarin mulki bai ce kome a kan harshen da za a tambaye shi da shi ba. Ranar da talaka ya zama abin tuhuma an san yana da harshe. Ranar da ya zama alƙali, ranar da shi ne zai yanke wa manya hukunci, sai a miƙa masa takardar shari'ar da harshen da bai sani ba.

Fartanya da tauraro

Wani zai ce, ai an daɗe da magance wannan, tun da alamu ake bi ba rubutu ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata a raina hikimar da ke cikin alama ba. A zaɓen 1959 kowane ɗan takara da akwatinsa, an manna alamar jam'iyyarsa a jiki. Mai son NPC ya nemi fartanya, mai son NEPU ya nemi tauraro, NCNC tana da zakara, AG tana da bishiyar kwakwar manja. Daga baya aka koma takarda guda mai ɗauke da alamu duka, ana dangwala yatsa. A Jamhuriya ta Biyu iyayenmu sun san gida da masara na NPN, sun san mabuɗi na PRP. A 1993 doki da mikiya ne. A zamaninmu kuwa ko yaro ya san lema da tsintsiya. Da ba don alama ba, da miliyoyin mutane, musamman matan Arewa da sai a 1979 suka fara zaɓen shugabannin tarayya, ba su sami hanyar shiga ba.

Amma alama tana da iyaka. Tana aiki sosai idan jam'iyyu biyar ne, kamar a 1979. A zaɓen 2019 kuwa 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne, takardar ta yi tsawo kamar rawani, alamun sun ƙanƙance, ga baƙaƙen sunaye masu kama da juna a jere. A zaɓen nan wata ƙaramar jam'iyya mai suna PCP, wadda mutane da yawa ba su taɓa jin labarinta ba, ita ta zo ta uku da ƙuri'a fiye da 100,000, kuma masu lura da dama sun danganta wannan da kamannin sunanta da na PDP. A wannan shekarar ƙuri'un da aka soke a zaɓen shugaban ƙasa sun wuce 1,200,000, a 2023 kuma sun wuce 900,000. Ban ce harshe ne kaɗai sanadi ba, akwai tawada da ke malala, akwai mai lalata tasa da gangan. Amma lalle a cikin wannan tuli akwai mutanen da suka wuni a rana suka koma gida suna zaton sun yi magana, alhali ba a ji su ba.

Daɗin daɗawa, akwai abubuwan da hoto ba ya iya faɗa. A ranar zaɓen tarayya takarda uku ake ba mutum, ta shugaban ƙasa, ta ɗan majalisar dattijai, da ta ɗan majalisar wakilai. Launi ne da rubutun Turanci suke bambanta su, haka ma akwatunan. Takardar da ake rubuta sakamakon rumfa a kai, wadda wakilan jam'iyyu suke sa wa hannu a manna ta kowa ya gani, ita ma da Turanci take. Hukumar zaɓe tana ƙoƙari wajen wayar da kai ta rediyo da Hausa da wasu harsuna, ba a musun wannan. Sai dai sanarwar rediyo ba ta shiga da mutum cikin ɗakin dangwale. A can shi kaɗai ne da takarda.

Nan ne kuma babbar ɓarnar take. Wanda bai gane ba dole ya yi tambaya, wanda ya yi tambaya kuwa ya tona asirin zaɓinsa. Kakana ya yi sa'a jikansa ne a kusa da shi. Wani dattijon wa zai tambaya in ba yaron jam'iyyar da ke kewaya layi ba? Sirrin ƙuri'a shi ne garkuwar talaka, shi ke sa ɗan haya ya saɓa wa mai gida, bara ya saɓa wa ubangidansa, ba wanda ya sani. In rashin jin harshe ya tilasta wa mutum neman ɗan jagora, to garkuwar ta faɗi, kuma mai saye da sayar da ƙuri'a ya sami ƙofa.

Hujjojin masu suka

Ba na so in yi kamar babu abin cewa a ɗaya ɓangaren. Hujja ta farko da ake kawowa ita ce yawan harsuna. Nijeriya tana da harshe fiye da 500, wace takarda ce za ta ɗauke su? Amsa ita ce ba wanda ya ce a tara su a takarda ɗaya. Mai zaɓe a Gumel ba ya bukatar harshen Ijo, mai zaɓe a Yenagoa ba ya bukatar Hausa. Ai dama takardar zaɓen ɗan majalisa ta kowace mazaɓa daban take da ta maƙwabciyarta, kuma mazaɓun majalisar wakilai kaɗai 360 ne. Wanda ya iya bambanta takardu don 'yan takara, ba zai kasa ƙara layi biyu don masu zaɓe ba.

Ba mu kaɗai Allah ya jarraba da yawan harsuna ba, kuma yana da kyau mu leƙa yadda wasu suka yi. A Indiya ana rubuta sunan ɗan takara da harshen jihar da ake zaɓen, a wasu mazaɓu da harshe biyu ko uku, ga alamarsa a gefe. A Amurka kuwa, inda Turanci ya mamaye kome, an gyara dokar haƙƙin zaɓe a 1975 aka tilasta wa yankunan da ke da adadi mai yawa na masu jin Sifaniyanci, ko wasu harsunan Asiya, ko na 'yan asalin ƙasar, su buga takardun zaɓe da waɗannan harsuna. Abin lura a dokar shi ne ba ta ɗaukaka wani harshe ta ce shi ne na ƙasa ba, mutanen da ke zaune a wuri ta duba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Suna cewa wanda bai iya karanta Turanci ba, galibi bai iya karanta Hausar ba ma, don haka aikin banza ne. Wannan rabin gaskiya ce. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, ƙasar Hausa ta cika da mutanen da suke karanta Hausar boko sarai amma ba sa jin Turanci. Dubi yawan matan da ke karanta littattafan hikaya, da masu rubuta saƙo a waya. Ga kuma masu ajami irin kakana. Na san wasu suna tsarguwa da ajami, suna ɗaukarsa rubutun addini, kuma mun ga yadda aka cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007, da kuma naira 100 a 2014. Amma ajamin da ke jikin naira 1,000 Hausa ce zalla, adadin kuɗin kawai ya faɗa. In an yarda mutum ya san darajar kuɗin da ke aljihunsa da rubutun da ya iya, don me ba za a yarda ya san takardar da ke hannunsa ranar zaɓe ba? Wanda kuwa bai iya kowane rubutu ba, haƙƙinsa bai faɗi ba, sai dai ya koma na baki: a tabbata ma'aikacin rumfa yana jin harshen mutanen wurin, ya yi bayani a fili gaban kowa kafin a fara. A zaɓen 2019 an kawo wa makafi wani allo mai rubutun da ake shafawa don su yi zaɓe ba tare da ɗan jagora ba. Dalilin da ya halatta wannan shi ne dai dalilinmu.

Laifi tudu ne

Hujja ta uku ita ce wadda nake so 'yan'uwana ɗalibai su tsaya su saurara. Masu ita suna cewa Turanci ba na kowa ba ne, don haka ba ya fifita kowa, amma da zarar an ce harsunan gida, to Hausa da Yarbanci da Ibo ake nufi, sauran kuwa sun tashi daga ƙarƙashin Bature sun koma ƙarƙashin maƙwabci. Wannan tsoro ba yau ya fara ba. Saboda koke-koken ƙananan ƙabilu aka kafa Hukumar Willink a 1957. A 1961 ma, da aka yi muhawara a Majalisar Wakilai a Ikko kan ɗaukar ɗaya daga cikin harsunan ƙasa ya zama na hukuma, Cif Anthony Enahoro ya tashi ya nuna rashin yardarsa a matsayinsa na ɗan ƙaramar ƙabila.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau da yawa idan muka taru a wannan ƙungiya muna cewa a ba harshen gida haƙƙinsa, abin da ke zuciyarmu shi ne a ba Hausa sarauta. Mukan ce ai duk Arewa ana jin Hausa. To, ana jinta a kasuwa da tasha, amma shin tsohuwar da ke wani ƙauye a gefen Tafkin Cadi, wadda da Kanuri ta tashi, tana jinta yadda za ta gane umarnin zaɓe? Bafulatanar ruga fa? Manomin ƙasar Tibi fa, ko na Tangale, ko na Bajju? Wasunsu suna jin Hausa amma suna da nasu harshen da suke ƙauna kamar yadda muke ƙaunar namu, an ma rubuta littattafai da shi. Ranar da aka buga takardar ƙuri'a da Turanci da Hausa kaɗai aka kai musu, akwai wani dattijo a can da zai zunguri jikansa ya faɗi abin da kakana ya faɗa, sai dai a wannan karon mu ne muka yi masa.

A 2025, da hukumomin Jamhuriyar Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki, da yawa cikinmu mun yi murna, ni ma na yi. Amma kaɗan ne a cikinmu suka tsaya suka tambayi yadda Bazabarme ko Ba'abzine ko Batube ya ji. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Don haka ni a ganina haƙƙin nan na mutum ne, harshe hanya ce kawai da ake isa gare shi. Hausa ba ta jefa ƙuri'a, ba ta wuni a layi, ba a sayen asirinta da sabulu da taliya. Mutum ake yi wa waɗannan. In muka kafa hujjarmu a kan girman Hausa, da yawan masu jinta, da tsufan adabinta, to mun kafa ta a kan ƙarfi, kuma mai ƙarfin da ya fi mu zai kayar da mu da irin hujjarmu, domin Turanci ya fi Hausa yaɗuwa a duniya. In kuwa muka kafa ta a kan cewa ba a tambayar mutum yardarsa da harshen da bai ji ba, to hujjar ta tsaya da ƙafarta, ta kare Bahaushe, ta kare wanda masu jin harshensa ba su wuce garuruwa uku ba. Addininmu da al'adarmu duk sun hore mu da mu so wa wani abin da muke so wa kanmu, ban ga dalilin da zai sa a cire harshe daga wannan horo ba.

Kammalawa

A taƙaice, abin da nake kira a kai bai fi ƙarfin ƙasa ba. A bar alamu yadda suke, a bar Turanci a matsayin harshen da ya haɗa takardun duka. Amma kanun takardar ƙuri'a, da umarnin yadda ake dangwalawa, da rubutun jikin akwati, da takardar sakamakon da ake mannawa, a ƙara musu harshen da mutanen ƙaramar hukumar suka fi ji, ko biyu in wurin gauraye ne, da rubutun da suka saba da shi. Kuma a sa wannan cikin doka, don kada ya zama alfarma da ake yi yau a fasa gobe.

Mu kuma ɗaliban harshe akwai namu aikin. Mu ne ya kamata mu zauna mu daidaita kalmomin zaɓe da Hausa mai sauƙi wadda mutumin ƙauye zai gane, mu kuma nemi 'yan'uwanmu masu nazarin Fulatanci da Kanuri da Nufanci da sauran harsuna mu yi kiran tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In muka tafi mu kaɗai za a ce mulki muke nema, kuma ba lalle a yi mana ƙarya ba.

Kakana dai ya dangwala yatsansa a ranar, ya fito yana goge tawada a gefen rigarsa. Ban tambaye shi wanda ya zaɓa ba, amma tun da ni na nuna masa layin, na sani. Bai kamata in sani ba. Allah ya nuna mana ranar da dattijo irinsa, ko da wane harshe ya tashi, zai shiga ya fito da asirinsa a rufe. Amin.